Ko Matuƙin Jirgin Ya Dawo

"Faɗa min tsakaninki da Allah, Loretta, mutumin nan ya dawo ko ruwa ya ci shi?"

Wendell ne ke tambaya daga gadon asibiti, da robar iska a hanci. Loretta ta shiga gyara masa bargon da babu abin da ya same shi.

"Ni ina zan sani? Ba tare muke kallo ba?"

Ƙofarsa na kallon tata a wani tsohon bene a birnin Toledo na Amurka. Tun da matarsa ta rasu, shi kuma ya ajiye tuƙin bas, duk Alhamis da yamma Loretta ke tsallako masa da miyar wake da burodin masara, su zauna gaban talabijin. Shirin da ya tafi da su a bana na wani matuƙin jirgin kamun kifi ne da ya ɓace a tafki, matarsa kuma ta ƙi yarda a yi masa zaman makoki. Duk shirin yana nan a jere a intanet, mai so ya shanye shi a zama ɗaya, amma Wendell ya kafa doka: kashi ɗaya a mako, kuma ba mai wuce wani.

To, Loretta mace ce da ko kyautar Kirsimeti aka naɗe mata sai ta leƙa. Wata Asabar da ruwan sama ya hana ta fita, ta shiga shafin shirin daga ɗakinta da lambar sirrin da ya ba ta, wai ɗanɗanawa kawai za ta yi. Kafin ruwan ya ɗauke ta kai ƙarshe, ta sha kukanta ita kaɗai. Daga nan duk Alhamis sai ta dafe ƙirji inda ya dace, tana cewa, "Wa ya zaci haka?" Saura kashi ɗaya su gama, Wendell ya yanke jiki ya faɗi a kicin.

"Likitocin nan sun daina kallon idona," in ji shi yanzu. "Ba zan ji haushi ba. So nake kawai in san ko baiwar Allah nan jiran banza ta yi."

Amsar tana bakinta. Amma kunya ta riƙe ta, ga kuma tsoro, don in ta faɗa, ta yarda ke nan ba zai koma gida ba.

"Kai dai ka tashi ka bar wannan langaɓewar. Alhamis ina tafe da miya, mu gani tare."

"To, Alhamis ɗin," ya ce, ya mai da fuskarsa wajen taga.

Ranar Talata da safe ya cika.

Bayan an binne shi, 'yarsa Yvette ta zo kwashe kaya, Loretta na taya ta naɗe kofuna a tsofaffin jaridu.

"Anti Loretta, talabijin ɗin naki ne. Baba ya ce a ba wadda ta fi kowa iya wasa a shirin."

"Wane wasa?"

"Haba, Anti. Ai duk kashin da aka kalla, jan layi ke fitowa a ƙarƙashinsa. Tun washegari ya gani. Ya bugo min waya yana dariya har da tari, ya ce kada in kuskura in faɗa miki, dafe ƙirjin nan naki ya fi masa shirin daɗi."

Loretta ta ajiye kofin a hankali. "Shi bai kalli ƙarshen ba?"

"Na ce in buɗe masa a wayata a asibiti, ya ƙi. Ya ce doka doka ce. In ba tare da ke ba, to sai dai ya ji daga bakinki."

Loretta ta nemi bakin wani kwali ta zauna. Ashe ba asirin da za ta rufe ma, tuni ya yafe mata ya yi dariyarsa. Abu ɗaya ya roƙe ta, abin da ba ya wuce kalma biyu, ta hana shi don kada girmanta ya zube.

Ranar Alhamis Yvette ta bar mata makulli ta tafi neman motar kaya. Loretta ta tsallako da kwanon miya kamar kullum. An kwashe labule da hotuna, sai talabijin a ƙasa da kujerarsa mai lotsattsen wurin zama. Ta ɗora kwanon a hannun kujerar, ta zauna a kan kwali, ta kunna kashi na ƙarshe.

"Ya dawo, Wendell," ta ce wa kujerar. "Yana ɗingishi, amma ya dawo. Ba ta yi jiran banza ba."

A talabijin matar na tsaye bakin ruwa da rigar sanyin mijinta. Tururin miyar ya yi ta raguwa har ya daina tashi.