Inna Ba Ta Zaman Hoto

A cikin akwatin kayan inji wata kalanda ta zo daga ƙasar Holan, an naɗe wasu ƙarafa da ita. Abdulbaqi, mai haɗa kala a wani kamfanin buga kwali a Sharaɗa, shi ya tsince ta cikin shara. Shekararta ta daɗe da wucewa, amma zane-zanen ciki na mutanen dā ne, ba ruwansu da shekara. Ga wata tana ɗinki a bakin taga, ga wata tana tsefe wa 'yarta kai, har tsagar jikin bango an zana. Kuma duk cikinsu babu wadda ta ɗago ta kalli mai zanen. Wannan ne ya tsaya masa a rai.

Shi ɗan fari ne, mahaifiyarsa Inna kuwa mutuniyar Ringim ce ta asali. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ga shi har ya fara furfura a gemu. Ko hotonta ɗaya ba shi da shi. Da ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ba shi ƙeya. Yanzu ta zo ganin jika, jibi za ta koma, kuma kowa ya ga ƙarfinta ya ja baya. Abin yana damunsa ƙwarai.

"Zana ta zan yi," ya ce wa matarsa Badi'a.

"Inna? Ai ko ni sai na ci kwalliya za ka zana ni, balle ita. Ka dai nemi faɗa."

"Ba sai ta kalle ni ba."

Washegari da hantsi Inna ta baje tabarma a ƙofar kicin tana tankaɗen garin masara. Gogan naka ya ɗauko kwali da fensir ya zauna a bakin ɗaki, yana ta ɗaga murya wai aikin kamfani ya yi masa yawa. Daga nan sai satar kallo. Ya zana kallabin da ya zame, da kaushin dunduniya, da tsohon zoben azurfa da ya shige cikin yatsa, da farin gari a gashin girarta. Bai gyara mata komai ba. Can waje tireloli na ta rugugi, shi dai fargabarsa ɗaya, kada garin ya ƙare kafin ya gama hannayen. Gari kuwa mudu guda ne, amma ya ƙi ƙarewa.

Badi'a ta zo wucewa da jaririya a baya, ta sunkuya kamar za ta ɗauki buta.

"Tun ɗazu ta gama," ta raɗa masa. "Juye shi take yi tana sakewa."

Fensirin ya tsaya cak. Wani daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zanen yatsun.

Rariya ta ci gaba da kaɗawa. Can Inna ta yi gyaran murya, idonta a kan gari.

"Badi'a, tambayi mai gidan naki ko ya kusa gama aikin kamfanin. Ni dai kafaɗata ta fara gajiya."