Tsakin Motar Auta

Kafin a buɗe masana'antar tayil a ƙarshen layin, wurin kango ne, sai awaki da tsofaffin tayoyi. Da aka fara kawo gas, injinan masana'anta suka daina kwana a kashe, aka ɗebi ma'aikata, sai ga mai walda, ga mai faci, ga mai cajin waya, kowa ya kafa rumfa. Ita ma ta dasa murhunta na gawayi tana ciyar da su, har kowa a layin yake ce mata Yaya. Wanda ya fara kiranta haka ƙanenta ne, Auta, direban ɗaya daga cikin manyan motocin da ke dakon gas ɗin.

Ran nan da rana tsaka ya faka a gaban rumfarta, ya kashe mota, ya diro yana miƙa.

"Yaya, a cika min kwano, cikina har ƙugi yake."

"Kullum a cika, amma jiki kamar igiyar shanya."

Ta ɗauki ludayi ke nan sai ta tsaya. Wani wari ya daki hancinta, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ba komai. Can ta jiyo wani siririn sauti daga bayan motar, ba ya yankewa.

"Auta, motarka ce take wannan tsakin?"

Ya kasa kunne. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke.

"Kashe wuta, Yaya. Duka. Yanzu!"

Ba ta tambayi dalili ba. Ta sunkuci bahon wanke-wanke ta sheƙa wa murhun, toka ta turnuƙe masu cin abinci, suka miƙe suna mita. Auta kuwa ya ja gefe ya kira jami'in tsaron masana'anta. Aka ce kada ya kuskura ya tayar da mota, 'yan kwana-kwana na hanya, amma da nisa. In zai iya, ya rufe babban bawul ɗin da ke bayan motar, wanda ke tsayar da gas ɗin.

"Ki kori mutane," ya ce mata. "Ko ashana kada a ƙyasta."

Ta bi layin tana ihu, zani a hannu. Wasu suka ruga, wasu suka tsaya kallo. Mai walda yana duƙe a kan wata ƙofa, tartsatsi na tashi.

"Kashe! Gas ne ke zuba!"

"Bari in ƙarasa wannan gefen, Yaya."

"Ka ƙarasa a lahira?"

Ta wuce shi ta kashe janaretonsa da kanta. Ya taso zai yi faɗa, warin ya iso masa, ya yar da abin rufe fuskarsa ya arce. Wani mai babur ya ɗaga ƙafa zai buga, ta fizge makullin ta jefa a kwata.

Sai a lokacin ta waiwaya. Bayan motar ya yi fari fat, kamar hazo, Auta kuma ya ɗaure hanci da rigarsa yana kutsawa ciki. Wannan yaron da ta goya, ta wanke wa kashi, shi ne ya ɓace mata a cikin farin abin nan. Ta zabura za ta bi shi, mai faci ya sha gabanta.

"In kika je, hankalinsa zai rabu. Ki tsaya."

Ta tsaya. Layin da kullum ba a jin maganar juna ya yi tsit, ba abin da ake ji sai tsakin nan. Ya ƙaru. Ya ragu. Ya sake ƙaruwa, har wata mata ta fashe da kuka. Sannan ya yanke.

Auta ya fito yana tangaɗi, hannuwansa a ɗage. Safar hannun da ya sa ta daskare, da aka zare ta yatsunsa sun yi fari.

"Sanyin gas ɗin ne ya ƙone ni," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. "Kin taɓa jin haka?"

Ta zare ɗankwalinta ta naɗe masa hannuwan.

A asibiti aka ceto yatsun, sai dai ƙaramin na dama bai sake lanƙwasuwa ba. Bincike ya nuna wata roba ce ta tsufa a mahaɗar bututu. Da mutanen layin suka yi taro, wasu suka ce a hana motocin gas zuwa gaba ɗaya. Yaya ta miƙe ta dubi mai faci.

"In gas ya daina zuwa, masana'anta ta rufe. In ta rufe, wa za ka yi wa faci? Motoci su zo, amma ba ta ƙofar rumfunanmu ba."

Haka aka yi. Masana'anta ta fasa wata hanya ta baya, nesa da jama'a. Yaya ta rasa cinikin direbobi, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Auta ya koma tuƙi bayan ya warke. Yanzu ba ta ganin wucewarsa, sai matarsa ta kira ta da yamma ta ce ya dawo.