Fuskar Zaituna a Katin Safiyatu

Ranar da masu yin katin ɗan ƙasa suka sauka a ƙauyen su Safiyatu, can ƙasar Sule Tankarkar, kwananta arba'in da biyu cikin takabar mijinta Mu'azzam. Kwana uku kacal suka ce za su yi. Mai shela ya zaga gari yana cewa duk wanda bai yi ba za a rufe masa layin waya, kuma kada ya sa ran takin gwamnati. Mai takaba kuwa ba ta yawo, balle ta je ta zauna gaban wani ƙato ya ɗauki hotonta.

Ƙanen mahaifinta ne ya kawo dabara, Baffa Ɗantsoho, dillalin awaki, mutumin da tunda Allah ya halicce shi bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Wai mene ne abin tayar da hankali? Ba ga Zaituna ba? Ta je ta zauna a madadinki mana. Uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai tsaya bambanta ku?"

Zaituna ƙanwar Safiyatu ce, tana aure a tsallaken iyaka, wajen Dungas ta Nijar, ta zo taya yayarta zama. Ta yafa mayafi ta tafi makarantar firamare inda aka kafa injin, aka ɗauki hotonta, ta dangwala yatsu, ta ba da sunan Safiyatu. Wallahi babu wanda ya ga aibu. A garin nan ɗan'uwa yana karɓar wa ɗan'uwansa aure, yana zuwa masa ta'aziyya, yana kai masa gaisuwa gidan dagaci. To hoto kuma wata tsiya ce? Da katin ya iso aka sha dariya, Safiyatu ta jefa shi ƙasan adaka ta manta.

Bayan shekara uku mijin Zaituna, direban babbar mota, ya rasu bayan ya daɗe yana ramewa. Ita ma ta fara tari da zazzaɓin da ba ya jin magani. Aka gwada jininta a wani gari mai nisa, aka ce ƙanjamau ce. Duk duniya mutum ɗaya ta faɗa wa. Ta zo ta sami Safiyatu a bayan rumbu tana shiƙar hatsi, ta durƙusa ta ce, "Yaya, na shiga uku. Ya tafi ya bar mini."

Akwai magani kyauta a ɗan asibitin garin su Zaituna, amma mai raba shi ɗan wan marigayi mijinta ne. Ita kuma Zaituna da fura take ci da kanta, ga 'yarta A'i tana tasowa, ba da jimawa ba manema za su fara tsayawa a ƙofar gida. Ranar da aka ji, ranar nan kasuwar fura ta mutu, A'i kuma ta tsufa a ɗakin uwarta. Safiyatu ta san haka sarai, don ita ma ta taɓa ƙin cin tuwon wata baiwar Allah a kan magana irin wannan.

Sai ta tuna da katin. Ta tono shi daga adaka ta damƙa mata. Daga nan kowane wata, ran Alhamis ta kasuwar Maigatari, Zaituna ta bi ayarin mata ta nuna katinta na Nijar a shingen iyaka, ta sulale ta hau motar Gumel, ta nuna katin Safiyatu a wani asibiti inda babu wanda ya san uwarta balle ubanta. Ta karɓi ƙwayoyinta, ta juye su a gwangwanin madara, ta koma gida da ɗan gishiri da manja kamar kowa. Kumatunta suka dawo. Shekara huɗu ana haka, Safiyatu har tana cewa a ranta ashe Allah ne ya sa Baffa yin maganar nan.

To sai aka zo aka kakkafa wasu fararen kyamarori a kan turaku, a shinge, a tasha, da manyan mararrabar Gumel. Aka ce suna gane fuskar mutum ko cikin dubu yake, saboda 'yan bindiga da masu fasa-ƙwauri. Jama'a suka ce Allah ya taimaka. Safiyatu ma ta ce amin, don a ganinta wannan maganar maza ce da masu laifi.

Da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, takarda ta zo daga wani ofishin tsaro a Maigatari, ana neman Safiyatu. Takardar hukuma kuwa ba ta zuwa hannun mace. Gidan dagaci take sauka, shi kuma ya ɗauko namiji daga dangi ya ce ya raka ta. Wa zai ɗauko in ba Baffa Ɗantsoho ba?

Safiyatu ta tuna da katin da ke hannun Zaituna. Ta ce, "Baffa, ka huta, ga aikin gona. Ni kaɗai ma zan iya."

Ya zaro ido. "Ke kaɗai? Ina raye? So kike a ce zuriyarmu ba maza? Tashi mu tafi, ni da na saba da manya."

A ofishin suka tarar da wani matashi mai fara'a, an rubuta Aminullahi a ƙirjin rigarsa. Ya ba su kujera, har da ruwan leda. Da ma mugu ne, da Safiyatu ta sami wanda za ta yi wa Allah ya isa. Ya juyo musu da kwamfuta, sai ga fuskar Zaituna sau biyu, gefe da gefe.

Ya ce, "Mama, na'urarmu ta ga fuska ɗaya da suna biyu. A shinge sunanta Zaituna, 'yar Nijar. A rajistarmu kuma sunanta Safiyatu, 'yar Najeriya. Wace ce a cikinsu?"

Baffa ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Ya kwashe labarin takaba tas ya faɗa, yana ƙarawa da cewa ai shi ya ba da shawarar. Aminullahi ya girgiza kai yana murmushi, ya ce laifi ne babba, amma wannan ne na goma sha wani abu da ya gani daga ƙauyukan nan, za a soke katin a yi mata nata. Safiyatu ta sauke ajiyar zuciya, ta fara gyara mayafi za ta tashi.

Ya ce, "Saura abu ɗaya. Abin da ya sa na sama suka sa ido shi ne zirga-zirgar. Fuskar nan kowane wata hanya ɗaya take bi, ba ta fashi. Irin tafiyar 'yan aike ce."

Ya danna wani abu. Hotuna suka jero, kowanne da rana da lokaci a ƙasansa. Ga Zaituna a shinge da kwando a ka. Ga ta a tasha tana gyara ɗaurin zane, ba ta san ana kallonta ba. Ga ta tana saukowa daga a-daidaita-sahu a Gumel. Safiyatu ta ji kamar an kware wa ƙanwarta zane a tsakiyar kasuwa.

Ta ce, "Yallaɓai, don girman Allah a bar Baffana ya jira a waje."

"A'a Mama, ai shi ne shaida, sai ya sa hannu. Kuma ki kwantar da hankalinki, labari mai daɗi ne." Ya sake dannawa. "Mun bi sawu mun gano ba abin tsoro ba ne. Ga inda take zuwa."

Hoton ƙarshe ya cika allon. Zaituna ce zaune a kan benci, ta sunkuyar da kai, a gaban wata ƙaramar ƙofa da ke gefen asibiti, nesa da babbar ƙofar da kowa ke bi. Baffa bai iya boko ba, amma shekara talatin yana cin kasuwar Gumel. Ya san ƙofar nan, ya san su wa ke zama a bencin nan.

Aminullahi ya ce, "Lambar katin ta fito a rajistar masu karɓar maganin wata-wata. Kun ga ke nan mara lafiya ce kawai, ba mai laifi ba. Alhamdu lillahi."

Alhamdu lillahi fa ya ce! Baffa Ɗantsoho ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Safiyatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ce, "Ni ce. Ni ce mai ciwon, Baffa. Mu'azzam ne ya bar mini. Aikenta nake yi ta karɓo mini don ina jin kunya. Ba sunana ne a rubuce ba? A duba!" Ta yi wa mijinta da ke kabari ƙazafi, ta yi wa kanta, kuma ko a jikinta.

Yaron nan ya dube ta da tausayi, ya ce ta ɗan ɗaga mayafi ta kalli wata 'yar kyamara a kan teburi. Ta kalla. Ya jira, ya karanta, sannan ya ce a hankali, "Mama, ba a ba ɗan aike maganin nan, sai an auna mai shi. Ke kuma na'urar nan ba ta taɓa ganinki a Gumel ba, ko sau ɗaya."

Aka soke katin nan take. Aminullahi ya ce a faɗa wa Zaituna duk ranar da ta zo shinge na'ura za ta tsayar da ita, ta shigo ta ba da bayani, minti goma ne, ba wani abu.

A hanya Safiyatu ta durƙusa wa Baffa a bakin titi, mutane na kallo. Ya rantse da Alƙur'ani ba mai ji daga bakinsa. Kuma har ga Allah ya yi niyyar cikawa. Matarsa kawai ya faɗa wa, don ta ware kwano in Zaituna ta zo. Sai wani amininsa dillali, don ya taya su addu'a. Dillalan awaki kuwa ba su san iyaka ba, yau suna Maigatari gobe suna Dungas. Kwana goma bai cika ba magana ta isa.

Alhamis ɗin karɓar magani ta zo ta wuce, Zaituna ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. In Safiyatu ta kira waya sai ta ce lafiya lau, ta kashe. Ran nan dai Safiyatu ta kasa haƙuri, ta ɗauki ɗan acaɓa suka bi ta hanyar daji, tsakanin gonakin da aka girbe, inda babu turke ko ɗaya.

Ta same ta da hantsi a tsakar gida tana dama fura. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, tarin nan ya dawo. A gefe ga ƙwaryar furar jiya cike, ta yi tsami, awaki na zagaya ta.

Safiyatu ta ce, "Wa kike dama wa?"

"Kullum sai na dama na fita da ita, Yaya. In na daina sai su ce gaskiya ne."

"Maganin fa?"

"Ya ƙare tun watan jiya."

Safiyatu ta kama hannunta. Ta ce ta tashi su bi ta daji su je Gumel, ta yi rajista da sunanta na gaskiya, ai ba a korar mara lafiya. Zaituna ta ce abin nan mai gane fuska yana tasha, yana mararraba, yana kallon benci, kuma yanzu ya san ta. Wa za a sake kira a nuna wa? Dagaci? Surukan A'i?

"To ki je na nan garin. Tunda an riga an ji, me ya rage?"

Zaituna ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ba a ji ba, Yaya, an dai faɗa. Na tsaya a bakin rijiya gaban mata na rantse ƙarya ce, na ce injin Nasara ne ya rikice, kama ce kawai. Wasu sun yarda. Gidan da ke neman A'i sun ja baya, amma ba su ce sun fasa ba, suna kallona ne su gani. Ranar da ƙafata ta taka asibitin nan, na sa hannu da kaina."

"Zaituna, mutuwa za ki yi!"

"Na sani."

Haka ta faɗe shi, ba kuka ba komai. Safiyatu ce ta fashe da kuka. Ta zagi Baffa, ta zagi masu kyamara, ta zagi kanta da ta tono katin daga adaka. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa ranta, don ta duba gabas da yamma babu wanda za ta kai wa ƙara. Kowa cewa zai yi aikinsa ya yi.

Zaituna ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta rufe ƙwaryar da faifai, ta naɗa gammo, ta yunƙura za ta ɗauka ta kasa. Sai da Safiyatu ta kama mata suka ɗora. Ta tsaya tana haki, ta dafa bango.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. In lokacin ya yi, ki zo da wuri, ke za ki yi mini wanka, kada ki bar matan garin nan su ga jikina. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce ciwon shawara ne ya kama ni."

Ta fita da furar a ka, tana tafe tana tsayawa.