Tiyon da Malam Mika'ilu Ya Bari

Tun da Malam Mika'ilu ya rasu, matarsa A'i ba ta ƙara yin barcin rana mai daɗi ba. Da ta idar da azahar ta kishingiɗa a tsakar gidansu na unguwar Wunti, ido ya soma nauyi, sai ta ji busasshen tarin nan nasa daga bayan ɗaki. Can sai ga shi tsaye a bakin ƙofa da shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya miƙo hannu, tafin a buɗe. Uffan ba ya cewa. Ta yi sadakar ƙosai, ta sa an yi masa sauka, amma ina, bai daina zuwa ba. Ba tsoronsa take ji ba, tausayi ne yake cin ta, don ta rasa me yake roƙo.

Malam bakaniken ƙananan jirage ne a wani kamfani mai feshin tsuntsaye. Mutum ne mai zurfin cikin tsiya, ko da wasa ba ya kawo zancen aiki gida. Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa su faɗa. Jifa-jifa zai dawo da ƙulli a hammata, ya ce ta ba shi wuƙa, ya zagaya bayan ɗaki ya daɗe, sannan ya dawo mata da ita a dakushe tana warin roba. Wuƙar yankan kuɓewarta fa! Takan yi mita har ta gaji, shi ko sai murmushi. Ba ta taɓa leƙawa ta ga me yake yankawa ba, ita dai wuƙarta ce ta dame ta.

Ranar ƙarshe ma da ƙulli ya shigo. Ya ajiye a kan tabarma, ya dafe ƙirji ya ce bari ya ɗan huta tukuna. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki ta kwance ƙullin, ta tarar da tiyo dogaye da gajeru, sababbi fil, kowanne da rigarsa ruwan goro da ƙarfe mai sheƙi a baki. Ta ce wannan shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya riƙe. Ta naɗe su a atamfa ta sa a ƙasan akwati, suka shekara da shekaru a nan.

A cikin shekarun ne autarsu Yasmin ta gama karatun tuƙin jirgi, ta kama aiki a kamfanin da ubanta ya bari, a kan jirgin da ya yi ta gyarawa. Duk ranar da ta tashi sama, A'i ba ta iya cin abinci sai ta ji sallamarta.

A bana tsuntsayen jan-baki suka sauka a kan shinkafar mutane kamar an aiko su. Ga manoma suna kuka, ga jirgi a kwance. Yasmin ce ta ba A'i labari suna tsince wake. Ta ce Elias, bakaniken da Malam ya koya wa aiki, ya cire tiyon mai da na baƙin mai duka don lokacinsu ya cika, waɗanda aka aika a kawo kuma sun maƙale a Legas. Nan take A'i ta tuna da ƙullin nan. Ashe abin da bawan Allah yake nufi ke nan da miƙo hannu! Ya tanadar wa 'yarsa kaya tun kafin ta san sitiyari, ita kuma ta bi ta danne su a akwati.

Washegari da hantsi ta tari keke mai ƙafa uku, ta rungume atamfar a cinya har filin jirgi.

Elias ya taso da gudu ya durƙusa ya gaishe ta, ya share mata kujera a cikin rumfar. Jirgin na tsaye hanci a buɗe, inji a waje. Ta shimfiɗa kayan a teburinsa ta gaya masa daga inda suka fito. Da ya ji na Malam ne, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki guda ya kara a jikin inji, ya zauna daram kamar an auna. Ya gwada na biyu, shi ma haka.

Duk da haka ya soma sosa ƙeya. Ya ce zaɓen tiyon jirgi ba a yin sa da ido. Na mai daban, na baƙin mai daban, don shi zafi yake ɗauka da matsi. Ya ce roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, kuma shekarar da aka ƙera ta tana ɓoye a ƙarƙashin rigar nan mai tare wuta. Idan guda ya fashe a sama, mai zai watsu a kan inji mai zafi, sauran bayanin kuwa bai ƙarasa ba, don Yasmin na tsaye a gefe.

Ran A'i ya ɓaci. Ta ce yau kuma shi ne zai tantance abin da maigidansa ya zaɓa? Wa ya koya masa riƙe sufana? Ta ce mutumin nan bai huta a kabarinsa ba saboda kayan nan, kullum sai ya zo mata. Yasmin ma ta sa baki, ta ce in dai Baba ne ya zaɓa, ita ta yarda ta tashi da su gobe.

Elias ya sake duban kayan. Kunyar tsohuwar ta kama shi, ga shi bai taɓa ganin Malam ya yi kuskure a kan tiyo ba. Ya jawo sufana. Don ya wanke kansa a wurinta, sai ya shiga yabon marigayin yana ɗaura na farkon. Ya ce ai ba a yi mai tsantseni irin Malam ba. Tiyon da ya tsufa a sito, ko sabo ne a leda, ba ya yarda a jefa shi a shara, don 'yan gwangwan za su tsince su kai kasuwa, wata rana ya dawo jikin wani injin.

"Gida yake tafiya da su, Mama," in ji shi, "ya daddatsa su da hannunsa."

Hannun Elias ya tsaya a kan sufanar. Shi ma sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Warin robar nan na jikin wuƙarta ya dawo wa A'i a hanci.

Elias ya kwance tiyon a hankali. Ya kai shi saitin kunne ya lanƙwasa, yadda Malam yake yi. A shirun rumfar duk su ukun suka ji shi, ƙaras-ƙaras, kamar an taka busasshen ganye. Ya zare rigar, sai ga robar ta tsattsage, baƙin gari yana zubo masa a hannu.

A'i ta dubi autarta, wadda ita uwar da bakinta ta matsa a ɗaura mata wannan abu ta hau sama da shi. Ta koma kan kujera tana salati, hawaye na zuba. Duk shekarun nan bawan Allah yana tsaye a ƙofarta, ba kaya yake cewa ta kai ba. Aikin da mutuwa ta katse masa yake son ƙarasawa, abin da ya saba roƙo kuma shi yake roƙo.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo atamfar gabanta, ta miƙa wa Elias hannu, tafin a buɗe.

"Ba ni wuƙa," ta ce.