Rakiyar da aka yi wa Maiturare

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Goggo.

To, ku matso. A shekarun da tarakta ta fara cin dajin Gadarif, an yi wata mata, Maiturare. Mijinta Haladu ya tafi yankan riɗi a wani mashru'u, gonar nan da ido ba ya ganin ƙarshenta, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari.

Wata kaka, kafin ruwan kogin Rahad ya janye, ita da ƙanwarta Jummare suka shiga jirgin ruwan wani dattijo da ake kira Tsoho, za su garin Hawata biki. Da hantsi ya tsaya a wani tsohon gari da mutanensa suka watse, don fasinja su miƙe ƙafa. Akwai kanisar Habashawa, wato cocinsu, a kan tudu, ta dutse, rufin ya rufta. A nan, in ji Tsoho, a da suke jinyar leburorin da zazzaɓi ya kayar.

"Ku yi kallo, amma ban da sallama," ya ce. "Gidan da ba kowa, ba ka san mai amsawa ba."

Suka hau. Jikin bango duk zanen mutane masu manyan idanu, jemagu na reto a sama. Ita kuwa Maiturare, tun da aka haife ta ba ta taɓa tsallaka ƙofa baki rufe ba. Kafin ta tuna, ta ce, "Salamu alaikum."

Aka amsa daga ciki, a hankali.

Jummare ta fizgi hannunta suka juya. Suna gangarowa sai ga taku a bayansu, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Maiturare ta san tafiyar nan. Lauje ne ya taɓa sare Haladu a diddige.

Kun dai san al'adarmu. Mai gida yakan raka baƙo, kuma ba ya juyawa sai baƙon ya ce masa ya koma haka nan.

"Yaya, ki sallame shi," in ji Jummare.

Maiturare ta ci gaba da tafiya. Shekara nawa tana kasa kunne ta ji wannan taku a ƙofar gida?

Suka shiga jirgi. Gefen da ta zauna ya nutsa, kamar an ɗora buhun dawa. Tsoho ya tura, jirgi ya karkace, ruwa ya fara lasar bakinsa. Mata suka rungume goyonsu.

"Ya Hajja," in ji Tsoho, bai ko dube ta ba, "jirgina na masu numfashi ne. Ko ki sallami baƙonki, ko mu kwana a ƙasan Rahad gaba ɗaya."

"Ai ni ce baƙuwar, Baba. Shi rakiya ya yi mini."

"To rakiyar ta isa."

Ruwa ya taɓa zanenta. Ta dubi wurin da ba kowa a gefenta, ta gyara mayafi.

"Malam, koma haka nan. Na gode. Yara duk sun girma."

Jirgi ya ɗago, ya daidaita.

Sun isa Hawata lafiya. Maiturare ta sa aka yi wa Haladu addu'a da sadaka, ta yi takaba, ta rayu har ta ga tattaɓa kunne. Jummare ba ta ƙara shiga jirgi ba, sai lori. Tsoho kuwa ya daina tsayawa a garin nan har ya rasu.