Ɗacin da Malam Issoufou Ya Zaɓa

Malam Issoufou ya kurɓi kofi na uku, ya riƙe a bakinsa na ɗan lokaci, sannan ya juya ya tofar a robar da ke gefen katifarsa.

"Wannan sukari ne da iska," ya ce. "Rabe, ɗanɗana ka gaya mini."

Na karɓa na kurɓa. Gwangwani uku ne a kan tiren, da babbar gora ɗaya, da wata 'yar kwalba. Duk ni na sayo su da safe, wasu a baƙala, ƙaramin kantin layinmu, kwalbar kuwa sai da na je wani babban kanti a Aziziyya. Tonik ake kiran abin, lemo ne fari kamar ruwa, mai gas, mai ɗaci. Shekara ashirin ina tuƙin haya a Makka ban taɓa sa shi a baki ba.

"Da zaƙi," na ce, "sai daga baya ɗacin ya biyo."

"A ina ya tsaya? Kan harshe ko maƙogwaro?"

"Malam, ni direba ne."

"Direba ma yana da baki. Sake sha."

Ƙofarmu da tasa suna kallon juna a hawa na biyu na wani tsohon gini a Utaibiyya. Mutumin Maraɗi ne, ya zo aikin hajji shekara talatin da huɗu da suka wuce bai koma ba. Duk unguwar an san shi da shagon lemon da yake matsawa a bakin titi: mangwaro, rumman, zoɓo, da sobiya a watan azumi. Da ciwon daji ya kama hanjinsa, mai shagon ya ba wani. Sati biyu kafin wannan rana asibiti suka sallamo shi da ƙwayoyin rage raɗaɗi, kuma kowa a gidan ya gane ma'anar sallamar.

'Yarsa Khalida tana zaune a bakin ƙofa da waya a hannu, tana rubuta duk abin da ya faɗa. Ita ce dalilin wannan zama. Wasu mutanen unguwar Shisha za su aurar da 'yarsu ranar Alhamis, suka ba ta aikin abin shan ɓangaren mata, mutum ɗari biyu. Uwar amarya ta ce ta gaji da abin da ake sha a kowane biki, tana son wanda ba a taɓa kawowa ba. Matar da ke kula da zauren bikin kuma ta ce idan ya yi daɗi, aikin zai riƙa zuwa wa Khalida. Ba shago, ba ɗa namiji, daga ita sai mahaifiyarta Ɗaso. Issoufou bai taɓa faɗin haka a gabana ba, amma shi ya sa ya ce a jingina shi da filo uku.

Magani ya kashe masa harshe. Duk mai zaƙi ƙarfe-ƙarfe yake yi masa, ɗaci kaɗai yake ganewa. Don haka ya raba aikin: shi ya ji ɗacin, ni da Khalida mu ji saura.

"Rubuta," ya ce mata. "Babbar gora, a'a. Kafin ki cika kofi na goma gas ɗin ya mutu. Koren gwangwani yana warin magani, a'a. Shuɗin ba shi da laifi, ba shi da daɗi. Mai ruwan ɗorawa ya yi zaƙi da yawa, amma gas ɗinsa yana da rai. Ajiye shi gefe."

"Kwalbar fa, Abuya?" Larabci ya fi zama a bakin Khalida, Hausarta sai ta tsaya ta nemo kalma.

Ya sa na buɗe masa kusa da kunnensa. Ya saurara, ya shinshina, ya kurɓa. Wannan bai tofar ba.

"Shi ke nan mai mutunci. Ɗacinsa ya zo, ya gaishe ka, ya tafi." Ya mayar da kansa kan filo. "Amma shi kaɗai rabin magana ne. Sai da ar'ar."

Washegari na sayo 'ya'yan ar'ar wajen mai kayan ƙamshi a kasuwa. Ƙanana ne baƙi-baƙi kamar masoro. Na tarar Malam Sabi'u, ladanin masallacin layinmu, ya zo dubiya. Issoufou ya murƙushe guda tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya ture ledar.

"Ya shekara uku a buhu. Ƙura ce."

Malam Sabi'u ya dubi tiren, ya dubi ledar. Ya taɓa aiki a tashar jiragen ruwa a Sudan, ya ga duniya.

"Abu Khalida, ar'ar da tonik da lemon tsami. Na san waɗanda ke haɗa waɗannan. A Makka za ka yi wannan, a wannan hali da kake ciki?"

Ɗaso, da ke tsaye bayan labule, ta daina motsa cokali a kofin shayi.

"Khalida, matso," in ji Issoufou. "Gara ki ji daga bakina. Kafin na zo garin nan, shekara goma sha ɗaya na yi a wani otal a Yamai, ina bayan tebur ina haɗa wa Turawa da manyan ma'aikata giya. Akwai wadda suke kira jin."

"Jinn?" Khalida ta zaro ido.

"Ba aljani ba. Ko da yake ta kan mayar da mutum haka." Ya yi 'yar dariya, tari ya tare shi, muka jira. "Kala bakwai muke da ita. Wata ar'ar ne ya fi yawa a ciki, kana buɗe ta kamar ka shiga daji bayan ruwan sama. Wannan sai tonik mai ɗaci sosai. Wata ɓawon lemo ya fi yawa, tana son mai sauƙi. Wata mai araha ce, ƙona maƙogwaro kawai take, sai a rufe ta da zaƙi. Mutum yana zama na dubi fuskarsa, na san wadda zan ba shi. Kuma na sha, Malam Sabi'u, ba zan ce ban sha ba. Ranar da na tsaya a Arfa na bari, ban sake ba. Mahaifiyarki ta sani tun kafin a ɗaura mana aure."

"To me ya sa za ka tono?" in ji Malam Sabi'u.

"Abin da ke bugarwa na bar shi a Yamai. Hancin kuma Allah ne ya ba ni, da shi na ciyar da gidan nan shekara talatin. Itacen ar'ar a kan dutsen Hada yake tsirowa, ba a otal ba. Ba ni da abin da zan bar wa ɗiyata sai abin da na iya. In haram ne, je ka tambayo mini liman yau. In ya ce a bari, na bari."

Malam Sabi'u ya tafi bai sha shayinsa ba. Bayan la'asar ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

"Ya ce tunda ba abin maye a ciki, babu laifi. Amma kada a kira shi da sunan waccan, kada kuma a zuba shi a irin kofunansu don a yi kama da su."

"Kofin gilashi na gida," in ji Issoufou. "Suna kuma Khalida ta sa." Ya juyo gare ni. "Rabe, gobe da safe ka kai ni Hada."

Ɗaso ta fito daga bayan labulen, abin da ba ta saba yi a gaban baƙi ba.

"Abu Khalida, ba ka iya zuwa banɗaki sai an riƙe ka. Rabe ya je ya sayo."

"Rabe zai kawo mini kore. Bai san nunanne ba."

"In ka mutu a hanya fa?"

"To na mutu ina fuskantar sama. Ki sa mini bargo."

Ta dube ni kamar ni zan hana shi. Na sunkuyar da kai. Ta juya ta shiga ciki, can muka ji tana buɗe akwatin barguna.

Ni da Malam Sabi'u muka sauko da shi a kan kujerar roba, mataki-mataki. Bai fi nauyin buhun shinkafa ba. Na kwantar da kujerar gaba, Khalida ta zauna a baya da kwalbar zamzam. Hanyar Hada murɗe-murɗe ce, tana hawa tana zagaya dutse, kowace kwana sai ya runtse ido ya danne cikinsa. Sau biyu na ce mu juya. Na farko ya girgiza kai, na biyu bai ma amsa ba. Birai na zaune a kan katangar gefen titi suna kallon motoci. Da muka kusa ƙarewa ya ce in kashe na'urar sanyi in sauke gilashi.

Mun sami wani dattijo yana sayar da rumman a bakin gonarsa, bayansa akwai itatuwan ar'ar. Khalida ta yi masa bayani, ya leƙo ya ga mara lafiyan, ya ce mu ɗiba, ya ƙi karɓar komai. Ni da ita muka riƙa tsinkowa muna kawo masa a tafin hannu. Yana zaune a mota ƙofa a buɗe, bargo a kafaɗa, yana tsince su ɗaya-ɗaya.

"Kore, zubar. Wannan ya tsotse, zubar. Ga shi. Kin ga wannan mai kamar an barbaɗa masa toka? Murƙushe. Shinshina. Riƙe wannan ƙamshin a kanki, da shi za ki auna na kasuwa in ba na nan."

Khalida ta juya baya ta goge fuska da gefen mayafinta, sannan ta koma gindin itacen.

Ranar Talata aka dafa. Ya sa aka jawo katifarsa daidai ƙofar kicin. A daddaka ar'ar kaɗan, kada ya zama gari. Ɓawon lemon tsami, koren kawai, ban da farin. Hel, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, guda biyar, sukari rabin abin da hannu ke so. Tukunyar farko ya ce ta ƙone ƙamshin, ta biyu ya ce hel ya hau kan kowa. Ɗaso ta ce ya huta, ya ce yana da hutu a gaba. A ta huɗu ya shinshina tururin, ya ce a sauke.

Da ya huce, Khalida ta cika kofi da ƙanƙara, ta zuba cokali biyu na ruwan ar'ar, ta matsa lemo, ta bi da tonik. Ta haɗa biyu, ɗaya da kwalba, ɗaya da gwangwani mai ruwan ɗorawa. Ya ce a fara ba Malam Sabi'u. Ladan ya yi bismillah, ya sha, ya sake sha.

"Wannan na kwalbar," ya ce, "yana buɗe ƙirji."

"To kin ji," in ji Issoufou. "Kwalba ga teburin amarya da iyayenta. Gwangwani ga sauran jama'a, amma ki rage sukarin tukunyarsu. Lemon kuma a ranar za a fere shi, ba jajibiri ba." Ya kamo hannunta. "Alhamis ki kai. Ko me ya faru a gidan nan, ki kai. Kin ji ni?"

"Na ji, Abuya."

Ya karɓi kofin ya jiƙa leɓensa. Shi ne abu na ƙarshe da na ga ya sha da kansa.

Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Ina wanke mota a ƙasa Ɗaso ta leƙo ta taga ta kira sunana sau ɗaya, a hankali. Na hau na tarar ta riga ta rufe masa ido, Khalida na riƙe da ƙafarsa tana karatu. Aka yi masa sallah a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Shara'i.

Ranar Alhamis da safe ina zaune da maza a ƙofar gini muna karɓar gaisuwa, matata Asma ta aiko a kira ni. Na tarar da Khalida a kan matakala, idanunta a kumbure.

"Kawu Rabe, motarka tana nan?"

"Yau, Khalida? Mutanen Shisha za su fahimta. Ni zan je in gaya musu."

"Ba shiga zan yi ba. Ta ƙofar baya zan kai kicin, in haɗa, in dawo." Ta ja numfashi. "Lemon ne. Kwali uku, ba a fere ba, kuma ni kaɗai ba zan gama ba."

Sai na bi ta zuwa bakin ƙofarsu don in fara sauko da kwalaben. Falon cike yake da matan unguwa, kowa da carbi. Ɗaso tana zaune a kusurwa cikin farin mayafi. Ta ji maganarmu. Ta miƙa hannu ta jawo kwali ɗaya gabanta, ta ce a ba ta wuƙa. Ta ɗauki lemo ta fara ferewa, koren kawai, siririn ɓawo yana sauka a cinyarta.

Asma ta tsallaka gidanmu ta dawo da wuƙaƙenmu. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta rataya carbinta a wuya ta matso. Aka shimfiɗa leda a tsakiyar tabarma, matan suka zagaye ta. Na ɗauki akwatin kwalabe na farko na sauka da shi, na dawo. Kafin in yi sawu na uku, ɓawon ya taru a tsakiyarsu, wata mata da ta shigo ta'aziyya tana tsaye a ƙofa tana naɗe hannun rigarta.