Hannun Rigar Lauya

Lauya ake ce masa, don tun yana ƙarami ba a kada shi a musu. Yana da shekara bakwai ƙafafunsa suka fara kasawa, yana da goma ya koma kan keken guragu. Likita ya ce ciwon a jini yake, ta wajen uwa, kuma ƙarfinsa zai yi ta raguwa. Inna tela, yayar mahaifiyarsa, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Haka ƙanensu ya yi a gabansu, har suka rasa shi yana da sha bakwai.

Inna ba ta iya lallashi ba, ɗinki ta iya. Ita ke ɗinka wa Lauya kayan makaranta, kuma kamar na kowane yaro, takan ƙara taƙi guda a hannun riga, wai zai girma ya cika.

Wata safiya uwarsa ta turo shi har cikin shago.

"Yaya, wai ya daina zuwa makaranta."

Lauya ya ɗaga hannu. Bakin hannun rigar ya yi baƙi, ya yage. In yana tura keken, taya ke cin sa. Jiya hannun rigar ya maƙale a tayar a tsakiyar aji, yara na dariya, sai da malam ya zo ya zare.

"Inna, ni kike wa ɗinki, ko wani ƙato da bai iso ba?"

"Ji bakinsa! To baɗi fa?"

"Baɗi ai kina nan. Shagon zai gudu ne?"

Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Shekara uku tana tsoron ɗinka masa daidai, kamar yin hakan sallamawa ne. Sai ta tuna rigunan ƙanenta a akwati, hannuwansu a naɗe, bai taɓa jin daɗin ko ɗaya ba.

"Miƙo hannun, sarkin surutu."

Ta auna, ta yanke daidai wuyan hannu, ta sa manyan maɓallai da yatsunsa za su iya kamawa. Shi ya ɓalla su da kansa, a hankali, ba wadda ta taya shi. Ranar ya koma makaranta, bai ma makara sosai ba.

Bayan wata takwas sai ga su, rigar a cinyarsa.

"Inna, wane irin ɗinki ne wannan? Ta matse ni a kafaɗa."

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta jawo sabon yadi.